Ranar da Na Sayar da Kason Mahaifina a Jirgi

Shekarun baya can, shekarar da aka ce Turawa za su tafi, ina sabon ango a Lolo. Gadon da mahaifina ya bar mini shi ne kasonsa a wani babban jirgin ruwa da suka haɗa jari da abokansa suka saya. Mukan ɗauki shinkafa da busasshen kifi mu bi kogin Kwara zuwa Dahome, wato Benin ta yanzu, mu dawo da gishiri.

Mai kaso mafi girma wani dattijo ne da duk 'yan kasuwa ke bin sawunsa. In ya saya a saya, in ya janye hannu kowa ya janye. Wata ran kasuwa sai aka ga ya sayar da kasonsa, ya haɗa da jakunansa, bai ce wa kowa uffan ba. Kafin la'asar magana ta cika gari: tsoho ya jiyo wani abu, ana samun mulkin kai za a rufe iyaka, jirgi ya zama itacen girki.

Wani abokina ya same ni yana haki. "Kai, mi kaka jira? Tsoho ba shi saida kaya banza!"

Mahaifiyata ta ce, "Tahi ka tambaye shi mana, ai da baki gare shi."

Ni kuwa a lokacin gani nake na gama sanin kasuwa, tambaya sai yara. Na sayar da kasona ga wani Badendi, ɗan ƙabilar Dendi ta bakin kogi, da arhar da har yau kunyar faɗinta nake ji. Har tausayinsa na ji, wai na ɗora masa asara.

Ba a jima ba aka kira mu rakiya, dattijo zai tafi Makka ta ƙasa. Na matsa na ce, "Baba, maganar rufe iyaka fa?"

Ya dube ni. "Wace iyaka? Guzuri nika haɗawa. Ba dai ka saida na ubanka ba?"

Wallahi nan na zauna a ƙasa.

Iyaka ba a rufe ba. Na koma jirgin a ɗan ƙwadago, ina tuƙi daidai inda mahaifina ke zama, inda hannunsa ya goge katakon har yana sheƙi.

Yanzu in jikokina suka zo a firgice wai kasuwar hannun jari za ta faɗi, manya na ta sayarwa, nakan ce musu wa ya je ya tambayi manyan dalili? Sai su yi dariya. Ni ba na yi, don nawa tsohon ƙofar gidansa tana kallon tamu, amma ban taka na tambaye shi ba.