Lambun da ke shayar da kansa

Tun yana saurayi yake aikin lambu a ma'aikatar nan, har suka koma kiransa Baba Bokiti. Mutum ne mara yawan magana, da shuka ya fi hira. Da aka koma sabon gini, suka tafi da shi tare da kujeru.

Sabon ginin na zamani ne. Rana ke ba shi wuta, ga lambu a kan rufi don ya sanyaya ofisoshi. Aka ce lambun da kansa yake shan ruwa: tanki ya tara na sama, siraran bututu su ɗiga wa kowace shuka rabonta. Aikin Baba shi ne ya duba kawai.

Damina na wucewa tankin ya ƙafe, bututun suka toshe. Baba ya kai rahoto, aka ce injiniya na nan tafe. Kafin ya iso, Baba ya shiga hawa bene da bokiti biyu kullum da sassafe. Lambun ya yi kore shar, baƙi na ta ɗaukar hoto. Injiniya yana hanya har yau.

Rannan manaja ya tare shi.

"Baba, ka ga ikon fasaha? Lambun ya tsaya da ƙafarsa. Ƙarshen wata sai ka je ka huta."

A gida matarsa ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"Baban yara, kai da hannunka ka kori kanka. Ka bar shukokin su yi yaushi mana, a san da zamanka!"

Washegari ya hau hannu rabbana. Ya tsaya, ya dubi shukokin, ya taɓa ƙasa. Sai ya sauko ya ɗauki bokiti.

Da ya gama ya wuce ofishin manaja, wandonsa jiƙe.

"Ranka ya daɗe, ni nake ba shukokin ruwa."

"Wane ruwa?"

"Na famfo."

Manaja ya ɗaga kai ya dubi takardar yabon da ke bango, wadda ta shaida cewa lambun bai taɓa shan ɗigon ruwan famfo ba. Ya tashi ya tura ƙofa.

"Baba, mai lambu kam ba ma buƙata. Amma ka iya shara?"

"Na iya."

"To, rufin nan ƙura ta yi masa yawa. A riƙa yayyafa ruwa kafin a share."

"Bokiti nawa, ranka ya daɗe?"

"Baba, ba zan tambaye ka ba."