Sanƙarau ya kwantar da ni, magina suka rufa soron

Assalamu alaikum, abokan karatuna.

Wata huɗu ke nan ba ku ga wasiƙata ba. Ba fushi na yi ba, sanƙarau ne ya kwantar da ni. Wanda ya karanta ya miƙa wa na gaba.

Tun da muka gama makarantar sana'a a Kano na dawo Gumel, ni kaɗai nake zanen gidaje a takarda. Magina a nan suna da taronsu, duk Juma'a bayan masallaci, a zauren shugabansu Baba Tanko. Sau ɗaya na je. Ina buɗe zanena, wani magini, Haruna, ya ce, "Malam Takarda, in ruwa ya zo, a cikin wannan za mu fake?" Aka kwashe da dariya. Ban sake komawa ba.

Aikina na farko soron wani falken shanu ne a Maigatari. Na ɗauki leburori na tsaya a kai da kaina. Bango ya tashi, saura rufi. Amma akwai abin da ke cina: na zana faɗin ɗakin ƙafa goma sha biyu, azara kuwa ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a irin wannan faɗi. Mu rufin katako da kwano muka koya a makaranta. Kullum in auna, in sake aunawa, abin bai canza ba. Ban gaya wa kowa ba, don ba ni da wanda zan tambaya.

Ranar Talata, ina dawowa a keke cikin zafin bazara, ciwon kai ya kama ni. Laraba zazzaɓi da amai. Alhamis ko hasken ƙofa ba na iya kallo.

Inna ta ce, "Audu, sunkuya in gani."

Na kasa. Wuyana ya sanƙare. Ta yi salati, ta fita kiran yayana ko mayafi babu.

Malamin asibiti ya sa aka kai ni rumfar zana a bayan gari, inda ake ware masu wannan ciwo. Ya soka mini allura a gadon baya ya ɗebi ruwa. Ya ɗaga kwalbar ya ce, "Garau ya kamata ya fito. Dubi yadda ya gurɓace."

Farar ƙwaya duk bayan awa huɗu. Allura safe da yamma. Kwana uku ban san inda nake ba. Mu bakwai ne a rumfar, biyu ba su koma gida ba. Allah Ya jiƙansu.

Ranar da na fara iya zama, na leƙa ta ɓular zana na ga hadari a gabas. Bangon ƙasa ba rufi, ruwan farko zai narkar da shi, kuma daga ranar ba wanda zai sake ba ni aiki a ƙasar Gumel.

Kwana na goma sha ɗaya, na ji murya daga bayan zana, don ba a barin kowa ya shigo.

"Malam Takarda, kana da rai?"

Baba Tanko ne. Ashe Inna ta ɗauki zanen nawa ta kai masa har gida.

"Ina da shi, Baba."

"Na je Maigatari na gani. Bangonka a miƙe yake, wannan kam ba ƙarya. Amma ɗaki kamu takwas, da me za ka rufa shi? Da addu'a?"

Na gaya masa gaskiya, ban sani ba.

"Me ya hana ka tambaya?"

"Kunya, Baba."

"Yaron banza. Haruna kowa yake yi wa tsiya, har ni. Faɗo mini lambobin nan naka."

Shi ba ya karanta boko, da kamun hannunsa yake awo. Ya zo da igiya. Ni daga ciki ina faɗar awon daga ka, ina mai da kowace ƙafa ɗaya da rabi kamu guda, shi daga waje yana auna igiyar a hannunsa yana ƙulli. Malamin asibiti ya yi ta faɗa wai ana wahalar da majinyaci. Baba ya ce, "Bar shi, Malam, wannan ne maganin da ya rage masa."

Magina tara suka tafi Maigatari. Suka ɗaga baka, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, a tsakiyar ɗakin, faɗin ya rabu ƙafa shida shida, azara ta zauna daram. Sun gama yaɓe da kwana uku ruwan farko ya sauka. Ko ɗigo bai shiga ba.

Kwanana ashirin da uku aka sallame ni. Na rame, kunnena na hagu kuma ya daina ji, an ce da wuya ya dawo. Alhamdu lillahi a kan abin da ya rage.

Juma'ar da na iya takawa, na sayi goro na je zauren Baba Tanko, na durƙusa na gaida kowa. Haruna ya karɓi nasa ya ce, "To, Malam Takarda ya shigo gari. Ku zauna ta damarsa, ta hagu ba ya jin zagi." Wannan karon da ni aka yi dariyar. Yanzu su suke koya mini ɗaga baka, ni kuma suna kirana in fitar musu da kusurwa kafin a aza tubali.

Na gode wa Allah, da Inna, da malamin asibiti, da maginan nan tara.

Shawarata: in kun ga zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, musamman da bazara, a tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Ku da aka watsa garuruwa da takardun shaida, ku nemi masu sana'arku na garin, ku kai goro, ku zauna, ko sun yi muku dariya.

Igiyar nan Baba ya bar mini. Ƙulli goma sha huɗu ne, na ƙirga. Tana rataye kusa da tef ɗina na awo, kuma gobe da su biyun zan tafi Gagarawa awon sabon gida, ni da Haruna.

Naku,
Audu