Rautar Oga da minti goman da suka ceci aikin Madam

Shekarun baya, lokacin ina sabuwar ma'aikaciya, na yi aiki a wani ƙaramin ofishin shirya tafiye-tafiye a Garki. Aikina buga takardu ne. Ilimina na kwamfuta kuwa kwas ne na wata uku, shi ma rabinsa hira muka sha.

Sai ga masifa ta kunno kai. Wasu suka fara kiran abokan cinikinmu, suna karanta musu lambar fasfonsu da ranar tafiyarsu, suna cewa daga ofishinmu ne. Imel ɗin ofis a hannun wata dattijuwa 'yar Filato yake, wadda muke kira Madam, don haka zargi ya faɗa kanta. Oga ya ce ranar Juma'a ta tattara nata ya nata. Matar da ta koya mini aiki, take raba gyaɗarta da ni kullum. Abin ya tsaya mini a rai.

Na kai kukana wurin ƙawata da ke sashen kwamfuta a wata ma'aikata. Ta tambaye ni irin rautarmu, wato na'urar da ke raba mana intanet, na faɗa mata. Ta ce, "Wannan ai an daɗe da gano tana da ɓaraka. Ɓarawo na shiga daga nesa ya karkatar da ku zuwa shafin imel na bogi, ya kwashe bayananku. Masu ita sun fitar da gyara, sai dai a sabunta manhajar cikinta. Amma ki kiyaye, in wuta ta yanke ana tsakiya, ta mutu ke nan."

Rautar nan kuwa Oga ji yake da ita. Tana kan kabad, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. "Shekara huɗu ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba," in ji shi da na kawo maganar sabunta ta. "Abin da ke aiki ba a taɓa shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, duba nan." Na buɗe shafin imel ta intanet ɗin ofis, na sake buɗe shi da datar wayata, na jera masa. Ba iri ɗaya ba ne. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "In kika kashe ta, ke da Madam za ku tafi."

Na amsa da to.

Babu wuta ranar, janareta ke aiki. Matsalar ita ce Baba mai gadi. Dokar Oga ce, da an kawo wuta ya ruga ya juya layi don kada mai ya ƙone a banza, kuma juyawar nan kan ɗauke komai na ɗan lokaci. Sai Madam ta ja kujera ta zauna gaban makunnin.

Na danna wurin sabunta manhajar. Layin da ke nuna ci gaba ya fara rarrafe. Bai kai rabi ba sai na ji masu shagunan ƙasa suna sowar an kawo wuta, na ji takun Baba. Sai muryar Madam: "Baba, ka taɓa wannan abu, ni da kai ne yau."

"Oga ne ya ce..."

"Oga ma ya jira."

Minti goma aka yi, ni dai shekara na gani. Rauta ta farfaɗo, na canza kalmar sirrin da ashe tun ta masana'anta ce, muka canza ta imel ma. Shafin gaskiya ya dawo. Kiran 'yan damfara ya ɗauke.

Oga bai iya ba da haƙuri ba, amma ya koma kirana Injiniya, sunan da ya bi ni har yau. Na yi ayyukan da suka fi wannan girma daga baya, babu wanda nake alfahari da shi kamarsa. Ranar Litinin na shigo na tarar da Madam a kujerarta, ta zuba mini gyaɗa a kan teburina.