Tsifar Karen Maigidana

Shekarun baya, ba da jimawa ba da samun jiharmu ta Zamfara, na yi aikin gadi a wani gida a Damba, nan cikin Gusau. A lokacin ne kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ina da mata da 'ya'ya uku, amma kullum bayan la'asar sai in hau benci ina haɗa baƙi da wasali kamar ɗan firamare. Gidaje biyu na yi gadi kafin wannan, duk sun ce in zaɓa, ko aji ko aiki. Maigidana na Damba ne kaɗai ya ce in tafi, ƙofa ba za ta gudu ba cikin awa biyu. Har ɗaki ya ba mu a bayan gida, ni da iyalina.

Alhaji maigidana ma'aikacin gwamnati ne da aka dawo da shi daga Sakkwato. Ya zo da iyalinsa da kayansa da kuma kare. Ni da na tashi a Bilbis na san karnuka, na farauta da na gadi, masu ɗan gajeren gashi waɗanda ba wanda ya taɓa tunanin yi musu wanka. Wannan kuwa daban ne. Launinsa kamar zuma, gashinsa dogo mai laushi, yana da geza a ƙirji da bayan ƙafafu da wutsiya. Ba ya cizo, haushin ma sai ya ga dama. Sana'arsa ɗaya ce, ka jefa abu ya ruga ya ɗauko maka. Wani Baturen injiniya da suka yi aikin ruwa tare ne ya bar wa Alhaji shi amana da zai koma ƙasarsu. Sunansa na Turanci ne, bakina bai taɓa iya shi ba, ni dai Mai Geza nake ce masa, kuma yana amsawa.

Makona na farko Alhaji ya ce in kawo littafin rubutuna, zai faɗa mini dokokin karen in rubuta da hannuna, in ya so na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Layi huɗu ne, amma sai da na kusa cinye awa guda ina gumi. A taje shi kullum da safe. A ba shi ruwa a inuwa. Kada a sake shi a waje. Kada a aske shi komai zafi. Na ce, "Alhaji, wanga bargo da ke jikinsa, ai aske shi taimako ne." Ya ce a'a, gashin nan kamar jinkar ɗaki yake, shi ke tare rana. In aka aske, rana ta ƙone masa fata, kuma ba lallai ya sake fitowa yadda yake ba. Daga baya direban gidan, wanda ya zama abokina, ya raɗa mini cewa maigadin da na gada, a kan karen nan aka sallame shi, don ya ɗaure shi a rana ya tafi hira.

Da kaka ta yi, Alhaji ya tafi Kaduna wani taro na kwana goma sha biyu. Kwana uku da tafiyarsa aka ce mu je gonarsa ta Nahuce, wajen Bungudu, mu kwaso gero. Da muka tayar da a-kori-kura sai Mai Geza ya tsaya bakin ƙofa yana kallona yana kaɗa wutsiya. Abokina ya ce, "Haba, bar shi ya sha iska mana. Ɗan sarki ma yana zuwa gona." Na ɗaura masa igiya na saka shi a baya. A gona ma na riƙe igiyar har wajen azahar. Da na tashi yin alwala sai na ce bari in sake shi minti biyu, ina zai je?

Zabi ya gani. Kafin in wanke hannu na biyu ya ɓace cikin ciyawa ya nufi fadama. Na bi shi ina kira, ƙaya na cizon ƙafata. Can sai ga shi ya fito da zabuwa a baki, ya zo ya ajiye ta gabana yana jiran yabo. Abin mamaki ko ƙwarzane bai yi mata ba, ta girgije ta ruga. Wata tsohuwar Bafulatana daga rugar da ke kusa ta biyo shi da sanda tana faɗa, da ta ga zabuwarta da rai sai ta tsaya tana kallonsa ta ce, "Wannan kare ne ko tunkiya?" Ni dai ban iya dariya ba, domin na ga abin da ya kwaso. Ƙarangiya ce tun daga kunne har wutsiya, ga taɓon fadama ya lulluɓe ta. Zumar nan ta koma launin tukunya.

Da muka dawo gida na yi abin da na ga ya fi dacewa da hankali. Na jawo bokiti da sabulu na yi masa wanka, na cuɗa, na murza, na sake cuɗawa kamar mai wankin bargo. Na bar shi ya bushe ina jin na yi dabara. Washegari na ɗauko burushinsa zan taje shi, burushi ya ƙi shiga. Ruwan ya sa gashin ya ƙulle a kan ƙarangiyar, ya dunƙule curi-curi, wani kamar goro, wani kamar ƙwan kaza. Bayan kunnuwa da hammata da ƙarƙashin wutsiya sun zama kamar tabarma. In ya kwanta ƙaya ta soke shi ya miƙe yana kuka. Kafin kwana biyu ya daina cin abinci, yana tafiya yana ɗingishi saboda wadda ta shige tsakanin yatsunsa.

Abokina ya ce magana ɗaya ce, a aske shi ƙwal, in Alhaji ya dawo a ce ƙazuwa ta kama shi. Ya ja ni wajen wani wanzami ɗan garinmu da ke zama kusa da tashar Tsafe. Muka gaisa, muka tambayi mutanen gida, sannan na kawo maganar a hankali. Wanzami ya ajiye askarsa ya dube ni sama da ƙasa.

"Mi ka ce? Kare?"

"Ba irin wanda ka sani ba ne, Sarkin Aska. Na Turawa ne."

"Ko na Sarkin Ingila ne. Askar da nike ɗora wa Musulmi bisa kai ran Juma'a? In aka ji, wa zai sake zama gabana? Tashi, don Allah, kada ka kore mini mutane."

Wanda ake wa aski ya yi ta dariya har sai da aka ce ya tsaya kada a yanke shi. A hanya abokina ya saya mini reza guda uku, ya ce in yi da kaina.

Na zauna a inuwar darbejiya da reza a hannu, Mai Geza ya ɗora haɓarsa a gwiwata. Littafina yana aljihu domin lokacin aji ya kusa. Ban san abin da ya sa na buɗe shi ba. Ga layukan nan huɗu da rubutuna mai kama da sawun kaji. Da Alhaji da baki kawai ya faɗa mini, da wataƙila na ce na manta. Amma ni na rubuta, kuma yanzu ina iya karantawa. Na riga na karya ta uku, ga ni zan karya ta huɗu, sannan in ɗora ƙarya a kai. Na mayar da rezar cikin takardarta.

Matata mai kitso ce, matan unguwa har layi suke yi mata ran Alhamis. Tun da muka zo gidan ba ta taɓa yarda karen ya matso kusa da ita ba. Tana daga bakin ƙofa tana kallona ina fama da burushi, kare na kuka, sai ta kasa haƙuri.

"Malam, wai wa ya ce maka ana jiƙa gashin da ya cukurkuɗe? Ko 'yar shekara bakwai ta san sai an tsefe ake wankewa."

"To, Malama, tunda kin sani, zo ki yi."

"Allah ya kiyashe ni. Amma bakina ba zai taɓa shi ba, sai in faɗa maka."

Ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar kibiyar tsifa da mataji mai manyan haƙora da kwalbar man gyaɗa. Ta ajiye su a ƙasa ta tura da ƙafa. "Na bar maka har abada, kada in sake ganinsu cikin kayana. Kuma wallahi in mata suka ji da kibiyata aka tsefe kare, kai za ka riƙa zama ina maka kitso." Na yi mata alkawari. Ta ɗauko kujerarta ta zauna nesa, ta riƙe dogon karan dawa tana nuni da shi kamar malamin ajinmu a gaban allo.

"Shafa mai, ka bar shi ya jiƙa. A'a, ba a nan ba. Kama gindin gashin da hagu ka matse, don kada ya ji ja. To, fara daga baki. Daga baki na ce, Malam! Kullum ku maza sai ku ce daga tushe za ku fara."

Haka na koya. A shafa mai, a jira. A riƙe gindi, a buɗe bakin curin da kibiya sili-sili, har ƙarangiyar ta saki ta zamo, sannan a bi da mataji. Curi ɗaya yakan ci minti goma. Matsalar farko ita ce Mai Geza ya gano man gyaɗa abinci ne, ina shafawa yana lashewa. Matata ta ce in ba shi ƙuli-ƙuli ya shagala. Abincin da ya fara ci ke nan cikin kwana biyu. Yatsuna suka yi jini, domin ƙarangiya ba ta san mai ceto ba. Abokina yana wucewa yana cewa, "Sannu da aiki, uwar ɗakin kitso. Shuku za a yi masa ko zane?" Na ci gaba da aikina. Ina jefa kowace ƙarangiya cikin wata tsohuwar ƙwarya.

Kwana biyar muka yi, daga hantsi zuwa azahar, in huta, in yi wanka in tafi aji. A rana ta uku ya fara kwanciya da kansa yana miƙo mini ƙafa. Curi ɗaya ne ya gagare mu, a bayan kunnen hagu, ya manne da fata. Matata ta ce in zura mataji tsakanin fata da curin, in yanka a saman matajin, almakashi ba zai taɓa nama ba. Na yi hakan. Da muka gama ta ce tunda almakashi na hannu, a daidaita. Na rage gashin da ke tsakanin yatsu har tafin ya fito, na daidaita gezar ƙafafu, na bi wutsiya kaɗan-kaɗan tana cewa, "Ya isa, kada ka mai da shi ɓera." Sai a lokacin ta ba da izinin wanka. Da ya bushe na taje shi, ya miƙe ya girgije, gashin nan ya kwanta yana sheƙi yadda ban taɓa gani ba. Matata ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Ba laifi," ta ɗauki kujerarta.

Ranar da Alhaji ya dawo, kare ya riga kowa isa mota. Alhaji ya durƙusa yana shafa shi yana cewa, "Kai, kai, wannan wane irin gyara ne?" Zuciyata ta fara kwanciya. Sai hannunsa ya kai bayan kunnen hagu ya tsaya.

"Malam, me ya sami nan?"

Na je na ɗauko ƙwaryar, ta kusa cika, na ajiye gabansa. Na faɗa masa komai, tun daga alwala har wanzami. Ya riƙa juya ƙarangiya da ɗan tsinke. Ni kuwa ina tunanin inda zan kai iyalina da kuma bencin ajinmu.

"Duk wannan da hannu ka cire?"

"Ɗaya bayan ɗaya, Alhaji."

"Me ya hana ka aske shi ka huta?"

"Na rubuta kada a aske shi."

"Ai har da kada a sake shi ka rubuta."

"Shi ya sa ban so in karya biyu ba."

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. Ya yi dariya har ya dafa mota. Ya ce wa ya koya mini wannan aiki, don ko Baturen bai iya haka ba. Na ji tari daga bayan ƙofar ɗakinmu. Na ce wata malama ce, ba ta son a ambace ta. Ya ce to, a gaishe ta, kuma in kawo littafi a ƙara doka ta biyar, wannan karon ni zan faɗa. Na rubuta: kada a jiƙa shi sai an tsefe. Kafin ya gama cire hularsa na gama. Ya karɓa ya duba layukan farko, ya duba na ƙarshe, ya ce, "Ashe ba karen kaɗai aka gyara ba."

Na ƙara shekara shida a gidan, na gama aji na karɓi takardar shaida. Mai Geza ya tsufa a hannuna, kuma reza ba ta taɓa hawa jikinsa ba. Har yau in wani al'amari ya cukurkuɗe mini, na 'ya'ya ko na dangi, nakan ji hannuna yana neman reza, sai in tuna da karan dawar nan yana nuna mini bakin curi. In riƙe gindi don kada a ji zafi, in fara daga inda ya fi sauƙi, in jira.

Littafin yana nan cikin akwatina, kibiyar tana tsakiyarsa. Alkawarin da na yi wa matata kuwa na riƙe shi fiye da shekara ashirin. Sai bana, da ta bar wa 'yarmu sana'ar, na tambaye ta ko in rubuta. Ta ce in rubuta, amma in faɗa wa mutane gaskiya, ita ko sau ɗaya ba ta taɓa karen ba. To, na faɗa.