Bishiyoyin da Kakana Ya Sare

Shekarata uku ina ban ruwa a wani gidan rainon tsirrai kusa da Sedgefield a Greensboro, nan ƙasar waje, kafin a kawo bishiyar. Ina buɗe ƙofar ɗakin gilashi, ƙamshin jiƙaƙƙen ganye ya doke ni, na tsaya da tiyo a hannu. Na san bishiyar nan. Baƙin jiki mai kaushi, ganye a sama kamar laima, sabon toho a naɗe kamar wutsiyar hawainiya.

A tsaunin Mambila na tashi. Ƙasa da gidanmu akwai kwari mai rafi, can nake ɗebo ruwa tun ina yarinya. Irin wannan bishiya ce ta rufe rafin, ko da rana tsaka wurin da sanyi. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Kakana yakan sari ɗaya ya yi dirkar shinge, don gara ba ta cin ta.

Wata damina na tarar da baƙo a bakin ruwan, da igiyar awo da littafi. Yana juya ganye yana duba ɗigo-ɗigon da ke bayansa, yana kankare gindin reshe yana zubawa a ambulan. Na ajiye tulu na ruga gida.

Kakana ya ce, "Ya auna?"

"Ya auna."

"Ya rubuta?"

"Ya rubuta."

"To ƙasa yake so. Wa zai hawo dutsen nan saboda abin da ko akuya ba ta ci?"

Yana da dalili. A ƙauyen da ke gaba da mu, masu igiyar awo ne suka fara zuwa, daga baya gonaki suka tafi. Ya kira babana da ƙannensa, ya ce a sare duka, baƙo ya rasa abin da zai dawo dominsa. Kakata ta ce, "Malam, inuwar ruwan ce fa." Ko kallonta bai yi ba. Kwana uku suna sara.

Baƙon ya dawo, ya daɗe a tsaye, ya tafi. Da rani ya yi, rafi ya ƙafe. Ruwa ya koma tafiyar awa biyu, a kaina. Shekara ta uku muka bar gonar da ƙafarmu, ba wanda ya kore mu.

A nan Greensboro wani ɗalibi ɗan Kano mai karatun tsirrai ya gan ni tsaye a gabanta, na ba shi labari. Ya ce, "Anti, wannan daga Ostireliya take. Ƙurar bayan ganyen ita ce irinta. Wasu gindin reshensu ɓawo ne, wasu gashi, da haka ake raba danginsu. Taku ta tsaunukan Afirka masu hazo ce, mai ɓawo da ƙaya. Mutumin nan rarrabe su kawai yake yi."

Na ce, "Ka ga zuciyarsa?"

Ya yi dariya, ya zaro biro. "Wane ƙauye ne? In na je gida hutu sai in leƙa."

Ƙanena ya koma can. Ya gaya mini a waya cewa bishiyoyin sun sake tsirowa, ruwa ya dawo, har ya fara noma.

Wataƙila ɗalibin gaskiya yake faɗa, wataƙila kakana ya yi kuskure. Yanzu kuma ba a zuwa da igiya, an ce daga sama ake aunawa. Amma ƙanena yana da yara biyar a bakin rafin nan.

Na ce wa ɗalibin, "Na tsufa, ɗana. Na manta sunan."