Tabo a Talabijin ɗin Baffa Sule

Ranar wata Laraba bayan la'asar, a farkon watan Zulhajji, shekarar da na shiga aji uku, na tsaya ni kaɗai a ɗakin baƙi na gidanmu da ke unguwar Al-Ranuna a birnin Manzon Allah, maganaɗisun Umma a hannuna. A gabana ga talabijin mai kala, sabo fil, irin mai jikin katako, an kunna shi. Ni na kunna, kuma ni na ɓata shi.

Talabijin ɗin ba namu ba ne. Na Baffa Sule ne, ɗan uwan Baba da ya zo aikin Hajji daga Katsina. Ya saye shi a kasuwar da ke kusa da Harami, ya sa aka fito da shi daga kwali don a gwada, sannan ya bar shi amana a wurinmu har ya dawo daga Makka. Baba direban motar alhazai ne, tare suka tafi. Da safen da za su wuce Bi'ir Ali su ɗau harami, Baba ya rufe talabijin ɗin da wani farin ƙyalle, ya dube ni, don ya san hali, ya ce, "Ya binti Safiya, 'yata, wannan amana ce. Ko ƙurarsa kar ki goge."

Kwana biyu na daure. Lokacin ɗinkin kayan sallah ne, Umma tana kan keke tun safe, aikina shi ne share tsakar gida, cika randa, da bin tabarma da maganaɗisu ina tsince alluran da suka zube. Ranar Umma ta leƙa maƙwabta kai ɗinki, ni kuwa na lallaɓa na ɗaga ƙyallen na murɗa. Ana nuna zanen yara. Kai, ban taɓa ganin kala irin wannan ba! Sai karambani ya ce mini in gwada ko maganaɗisu zai kama gilashin. Ina ɗora shi hoton ya karkato wajen hannuna, launuka suka yi ta juyawa, ina ta dariya ni kaɗai. Da na janye hannu, sai ga tabo shunayya da kore, faɗin faranti, ya zauna daram a kusurwar sama. Na goge da bakin mayafina, na tofa yawu, na kashe na sake kunnawa har sau uku. Yana nan. Na mayar da ƙyallen, na fita.

Kwana goma sha ɗaya na yi da abin a cikina. Ƙawayena suna 'yar carafke da ƙwallon dabino a ƙofar gida, ni ina rakuɓe. Naman layya ma bai yi mini daɗi ba. Ba dukan nake tsoro ba, Baba ba mai duka ba ne. Mutane daga gida suna barin kuɗinsu da kayansu a hannunsa don an san shi da riƙon amana, ga shi ni 'yar cikinsa na jawo zai ji kunya a gaban ɗan uwansa.

Ranar da suka dawo, kawunansu a aske, na tare Baba a soro kafin ya cire takalmi, na faɗa masa komai ina kuka. Ya kalle ni. Sai ya ce, "Halas, shi ke nan, zo mu je." Ya kira Baffa Sule ɗakin baƙi, ya ce, "Yaya, kafin ka ɗauki kayanka, ka sani ya samu matsala a hannuna. Ka gani da idonka." A hannuna ya ce, bai ambaci sunana ba. Ya yaye ƙyallen ya murɗa. Akwatin ya yi wata ƙara, ɗum, gilashin ya ɗau haske a hankali, ni kuwa na runtse ido.

"To ina matsalar?" in ji Baffa Sule.

Na buɗe ido. Ana nuna Harami, kubbar nan koriya shar, sama shuɗiya tas, ko ɗigon tabo babu. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Baba ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi, sannan ya ba Baffa labarin yadda aka yi. Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki, tun daga ranar yake kirana Injiniya. Sai da na girma wani mai gyara ya gaya mini cewa irin waɗannan akwatuna suna wanke tabon da kansu idan sun huce aka kunna. Ni da na yi ta kunnawa da zafinsa, ina zan sani?

Yanzu jikokina suna kallon tsofaffin wasannin barkwanci da ake maimaitawa, kuma kusan kowane falo a ciki akwai irin wannan talabijin a kusurwa, da ƙyalle da tulun fure a kansa. Ba a kunna shi, ado ne kawai. Su suna dariyar 'yan wasa, suna tambayata da Larabci ko da gaske mun kalli abu a wannan sanduƙi. Ni kuwa idona yana kan kusurwar sama ta gilashin, ina jin muryar Baba, Allah ya jiƙansa. Tabon ya tafi da kansa, amma kafin ya tafi Baba ya riga ya ɗauke mini shi.