Hucin Uwar Barguna

Uwar Barguna ake ce mata a ɗakin wankin otal, don ita ke fito da barguna daga babban inji. Wanda bai taɓa ɗaga jiƙaƙƙen bargo ba zai ɗauka wasa ne. Aikin ya cinye mata farata, ya bar mata kafaɗu irin na 'yan dako. 'Ya'ya shida ta haifa tana yinsa, kuma duk yarinyar da aka ɗauka sabuwa, ita ke koya mata ɗaukar kaya: ki ja numfashi, ki riƙe, ki yi nishi, ki ɗaga.

Sai fitsari ya fara kufce mata. Da farko ɗigo ne in ta yi atishawa. Daga baya duk kwandon da ta ɗaga sai ta ji ɗumi a cinya. Ta koma ɗaura baƙin zani, ta rage shan ruwa a ɗakin da tururi ke dafa mutum. In abin ya faru sai ta watsa wa kanta ruwa da gangan, ta hau zagin tiyo.

Babbar 'yarta ce ta gane. Ta sayo kunzugun manya ta ajiye mata a kan gado.

"Inna, ki bar aikin nan haka, ki huta."

"Ni kika saya wa wannan? Ni da na yi miki tsarki?"

"To ai kina jiƙewa, Inna."

"Ina jiƙewa, ban mutu ba."

'Yar ta zagaya bayan idonta, ta roƙi manaja ya mayar da uwar teburin ninke tawul, ta ce masa ciwon baya ne. Kowa ya san teburin nan: can ake ajiye waɗanda ake jira su gaji su tafi.

Uwar Barguna kuwa asibiti ta nufa. Wata nas mai gajeren haƙuri ta duba ta, ta ce babu inda ya huje, naman da ke tallafe da mafitsara ne ya saki.

"Ki matse kamar kina riƙe tusa a cikin mutane, Mama, ki ja sama. Ki ɗan riƙe, ki saki gaba ɗaya. Ban da matse cinya, ban da riƙe numfashi. Kuma ki sha ruwa. Yanzu nuna min yadda kike ɗaukar kaya."

Ta cika ciki da iska, ta yi nishi, ta ɗaga kujera.

"To kowane nishi irin wannan, ƙasa kike danna kayan cikinki. Ki matse tukuna, sannan ki ɗaga kina fitar da iska."

Washegari ta tara yaran ɗakin wanki ta ce kowa ta daina nishi. Ba ta yi bayani ba, ba su nema ba.

Ta kama abin da nas ta koya mata kamar yadda take kama kowane aiki. Tana yi a cikin bas, tana yi a kwance, tana yi yayin da take jiran inji ya gama juyi. Makonni suka wuce ba ta ga komai ba sai haushi. Ga kuma huci: duk ɗagawa sai an ji fuuu har bakin ƙofa.

"Yaya, taya ce ta fashe?" in ji mai guga.

"Bakinki ne zai fashe in ban ga zannuwan nan a miƙe ba."

Sannu a hankali zagin tiyo ya ragu.

Ran nan da hantsi manaja ya sauko, yana taka ruwa kamar zai cije shi.

"Mama, daga gobe kina teburin tawul. An ce bayanki..."

"Bayana lafiya lau. Fitsari ne."

Mai guga ta manta da dutsen guga a kan riga.

"Fitsari ke zubo min in na ɗaga kaya. Ina maganinsa, kuma yana ji. Kana da uwa? Nawa ta haifa? Ka je ka tambaye ta, in za ka iya. Matsa."

Ya matsa. Ta ware ƙafa gaban kwando mai cike da jiƙaƙƙun barguna, ta durƙusa, ta matse, ta saki huci, ta miƙe da shi har bakin injin busarwa. Ɗigo ɗaya ya kufce, ita kaɗai ta sani. A da, da har gwiwa zai gangaro.

"To... teburin fa?" in ji manaja, idonsa a silin.

"Ka ba mai ciwon baya."

Ya haye matakala bai waiwayo ba. Ta share gumi da gefen hannu, ta dubi yaran da suka saki baki.

"Kallon me kuke? Ke, turo na gaba."